Girkin gida ko abincin saye: ina ribar, ina asarar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, ina so manya da ƙanana kowa ya sa baki. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Maigida yana kasuwa, yara biyu suna makaranta. Abincin dare ni nake yi, wannan ba ya tashi ko da na dawo a gajiye. Na rana ne ya gagare ni, sai muka koma saye. Yau shinkafa da wake, gobe ɗanwake, in an samu sarari maigida ya yi oda a kawo a tekawe. To surukata ta zo ta ga robobi a kwandon shara, ta ce gidan da ake cin abincin saye ba gida ba ne, masauki ne. Ban tanka mata ba, uwa ce. Amma ina so in sani tsakani da Allah, ta wajen kuɗi da lafiya da tarbiyyar yara, cutar kaina nake yi ko kuwa?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, Hajiyarku tana da gaskiya. Ni tun da na yi aure ban yarda a shigo mini da abincin waje ba, in ba tsire ko balangu ba idan an yi baƙi. Ba ka san hannun da ya dafa ba, ba ka san ruwan da aka wanke shinkafar da shi ba, ba ka san naman na yaushe ne ba. Ki riƙa tashi kafin asuba ki ɗora, ki zuba a kula, yara su dawo su tarar. Haka iyayenmu suka yi, kuma ba su mutu ba.

Hajiya Babba:
Baban Walid ɗana, dakata. Iyayen wa? Ni a cikin birni aka haife ni, wajen Jakara, yanzu ina da jikoki har da tattaɓa kunne. Iyayenmu ba sa hura wuta sau uku a yini. Girki na gaske sau ɗaya ne, tuwon dare, shi ne wanda mai girki take shiga madafa tun la'asar saboda shi. Da safe ɗumame, in bai isa ba a ba yaro kwano ya je ya sayo koko da ƙosai. Da rana kuwa maigida yana barin 'yan kuɗi, wannan ta aika a sayo mata fura, waccan ɗanwake, yara su sayi gurasa ko alale. Kuma su wa ke yin abincin nan? Matan aure ne a cikin gidajensu, ko ƙofar gida ba sa lekawa. Gidan wance an san shi da waina, gidan wance da dambu, gidan wance ba wanda ya kai su iya funkaso. Da ribar nan mace take yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki, ta shiga adashi. Saboda haka a daina cewa sayen abinci baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Abin da na ga ya canza shi ne, a da in ka sayi abinci ka san gidan da ya fito, ka san matar, ka san ko tana share tsakar gidanta. Kwanonka kake aikawa. Yanzu yaro ne a kan babur zai miƙo maka leda, ba ka taɓa ganin tukunyar ba.

Baban Walid:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Ban isa in yi musu da ke a kan abin da kika gani da idonki ba. Amma ai kin ƙarasa da maganata ne, ba a san tukunyar ba.

Hajiya Babba:
Rabin maganarka na ƙarasa da ita, ɗana. Ɗaya rabin, na cewa yarinyar nan ta tashi tsakar dare, ban karɓa ba.

Uwar Biyu:
Ni bari in zo ta wajen aljihu, don nan ne abin yake ciwo. Sunana Uwar Biyu amma mu tara ne a gidan, da ƙannen maigida. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. A ƙarshen 2024 ɗin buhun shinkafa ya kusa naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli dubu 70 ne. Wato mai ƙaramin albashi ya yi wata guda yana aiki bai sayi buhu ɗaya ba. A irin wannan hali gida kamar nawa ba ya ma fara tunanin tekawe. Kwanon shinkafa ɗaya, in na haɗa da wake na yi garau-garau da mai da yaji, kowa zai ƙoshi har a rage na almajiri. Kuɗin kwanon nan in na kai gidan abinci, faranti biyu ne ko uku, kuma namansa bai kai ɗan yatsa ba. Don haka duk mai gida babba, girki ba zaɓi ba ne, dole ne.

Gwauron Mararaba:
Anti Uwar Biyu, lissafinki daidai ne a gidanki, amma a ɗakina kifewa yake yi. Ni kaɗai ne, ina aiki a cikin Abuja ina kwana a Mararaba. Wanda ya san cunkoson Nyanya ya san ƙarfe nawa nake isa gida. Na taɓa ɗaura niyyar girki, na sayi ƙaramar tukunyar gas, na yo cefane. Tumatir ya ruɓe kafin in ci rabinsa, miyar da na yi ta kwana biyu ta yi tsami don babu firij, albasa ta tsiro. Ba a sayar wa mutum ɗaya cefanen cikinsa a farashi mai sauƙi, sai dai ka saya da yawa ka zubar, ko ka saya kaɗan da tsada. Yanzu da safe mai shayi, da rana wata baiwar Allah da ke kawo abinci bakin ofis, da dare abin da ya samu. In na haɗa kuɗin, bai fi abin da nake kashewa lokacin da nake girkin ba.

Uwar Biyu:
Ai ƙanena maganinka aure ne, ba lissafi ba.

Gwauron Mararaba:
Ki sa mu a addu'a Anti, muna kan hanya in sha Allahu.

Anti Mai Waina:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, tunda sana'ata ake taɓawa bari in yi magana. Ni waina nake yi da miyar taushe da safe, da rana in yi shinkafa da miya da alale, a cikin gidana, kuma da ita nake biyan kuɗin makarantar marayuna.

Ku ɗauki waina kaɗai. Shinkafar tuwo zan jiƙa tun da rana, in dafa kaɗan daga ciki in haɗa, a kai markaɗe da yamma, in sa yis in rufe ta kwana ta tashi. Kafin kiran sallar farko na tashi, na yanka albasa, na gyara ƙullin da ɗan sukari da gishiri, na ɗora tanda. Kowane gurbi sai ka zuba mai, ka zuba ƙulli, ka jira gefen ya yi ja, ka juya da cokali. Ga miya can tana jiran kabewa da alayyafo da gyaɗa. Wace ma'aikaciya ce za ta yi wannan don mutum huɗu ranar aiki? Ni kuwa wuta ɗaya na hura na ciyar da gida talatin. Hatsi daga Dawanau nake sarowa da buhu, kayan miya daga 'Yan Kaba da kwando. Shi ya sa zan iya sayar miki da waina a farashin da ke ba za ki iya yin ta a gida ba. Inda kuɗinku ke tafiya a banza shi ne robar tekawe, da leda, da cokalin roba, da kuɗin mai kawowa. Waɗannan ba a cin su, amma ku kuke biya.

Sannan Baban Walid, da girmamawa, abincin da nake sayarwa shi 'ya'yana suke ci. Tukunya ɗaya ce.

Baban Walid:
Allah ya sa albarka a sana'a, Anti. Amma ki faɗa mana gaskiya, duk masu sayarwa haka suke?

Anti Mai Waina:
A'a, ba zan rufe ba. Tun da mai ya yi tsada akwai masu soya abu a mai ɗaya har ya koma baƙi ƙirin, a ƙara sabo a kan tsoho a ci gaba. Akwai masu juye miyar jiya a cikin ta yau. Akwai masu rage tumatir da nama su cika magi don baki ya ji daɗi. Akwai wadda hannun da ta karɓi kuɗi da shi, da shi za ta ɗebo salak. Duk na gani. Amma wallahi na shiga gidajen da matar gida take yin abin da ya fi wannan, don dai ba mai ganinta. Ƙazanta hali ce, ba ta san gida ko kasuwa ba.

Sista:
Na gaishe da iyaye da yayye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in kawo abin da muke gani da abin da aka koya mana.

Na farko, cutar abinci ba wasa ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, kusan mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, wajen dubu 420 su mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne suka fi faɗawa. Amma ƙwayar cuta ba ta tambayar ko sayen abincin aka yi. Abin da take nema shi ne abinci ya zauna da ɗumi-ɗumi na tsawon lokaci. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma kun san zafin Kano a watan Afrilu.

Shi ya sa shawarar Baban Walid take buƙatar gyara. Shinkafar da aka dafa ƙarfe biyar na asuba, aka zuba a kular da murfinta ya saki, aka ci ƙarfe biyu na rana, ta fi haɗari a kan ɗanwaken da aka tsamo daga tafasasshen ruwa a gabanka. Shinkafa musamman tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. In ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Yaro ya ci, bayan 'yan awoyi ya fara amai, a ce ai shawara ce ko mayu. In za a yi amfani da kula, a samu mai riƙe zafi da gaske, a ɗauraye ta da ruwan zafi, a zuba abincin yana tururi, kada a yi ta buɗewa.

A wajen abincin saye kuwa, abin da na fi tsoro ba shinkafar ba ce. Ɗanyen haɗi ne: salak, kabeji da mayonis, yankakken tumatir da albasar da ke kan tire tun safe, da zoɓo ko kunun aya da ba a san ruwansa ba. Mutanen Kano ba su manta 2021 ba, lokacin da mutane da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin da ya lalace.

Maman Ilham:
Sista Allah ya saka da alheri. Wallahi salak ɗin nan shi yarana suka fi so. Daga yau na cire shi, in suna so in yanka musu da kaina da dare.

Sista:
Haka ya fi. Saura magana ta biyu, wadda ba ta kwantar da mutum yau sai bayan shekaru. A nan girkin gida yana da babbar dama, in an yi amfani da ita. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a kai bai kai giram 5 a yini ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin burodi da magi da komai. Shi magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai sayarwa tana so ka dawo gobe, don haka hannunta zai yi nauyi a gishiri da mai. Ga lemon kwalba da ake haɗowa da kowace oda. Mai hawan jini ko ciwon suga da yake cin abincin waje kullum, maganinsa yana aiki ne abincin yana warwarewa. A gida ke ce da ludayi. Za ki iya rage magi ki koma daddawa da citta da tafarnuwa, ki yawaita zogale da rama da kuka da kuɓewa. Amma fa in a gidan ma dunƙule takwas ake jefawa a tukunya ɗaya, indomi safe da dare, to sunan girkin gida kawai aka ci.

Uwar Biyu:
Sista kin taɓo ni a maganar dunƙule. Maigidana in bai ji shi ba cewa yake miyar ba ta da rai.

Sista:
Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan Anti, kada ki cire gaba ɗaya rana guda. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kuma ki ƙara daddawa, tana rufe gurbin.

Baban Walid:
To na ji batun kula, na karɓa. Amma akwai firiza. Matata ranar Asabar take yin miya kala biyu ta mako guda ta raba a robobi, kullum sai dai a dafa shinkafa ko a tuƙa tuwo. Me zai hana Maman Ilham yin haka?

Maman Ilham:
Wuta, Baban Walid. Unguwarmu ba ta cikin masu samun wuta sosai. Kuma ka tuna Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace aka yi fiye da mako guda cikin duhu? Naman da na tara da miyar da na daskarar duk sai da na rabar, wanda ya saura na zubar. Tun daga nan na daina dogara da firiza. Wanda ke da sola ko janareto ya yi, ni ba ni da su.

Malam Na Tudu:
Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalinmu mu maza a kan abu guda. Tun da aka fara muhawarar nan ana ta faɗin abin da Maman Ilham za ta yi: ta tashi da asuba, ta yi na mako, ta sayi kula. Ban ji wanda ya tambayi abin da maigidan zai yi ba. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Ciyarwa kuma a wuyan miji take. Matar da ta fita aiki da yardarka, albashinta yana shiga cefanen gidanka, ta dawo ta tuƙa maka tuwon dare, in ka sayo na rana ba alfarma ka yi mata ba, nauyinka ka sauke. In kuma kana ƙyamar na saye, to ga wuƙa ga albasa, gyaran kayan miya ba ya rage wa namiji daraja.

Baban Walid:
Malam, an gaishe ka. Wannan kam ba ni da ta cewa. Amma bari in fito da ainihin abin da ke damuna, don ina ganin ban faɗe shi daidai ba da farko. Ba tsafta kaɗai ba ce. A gidan ƙanina na ga an kawo tekawe, kowane yaro ya ɗauki robarsa da cokalinsa ya nufi lungu, wannan yana kallon waya, wancan yana gaban talabijin. Wannan ya ce shi shawarma yake so, waccan ta ce ita ba ta cin wake. Mu da muka tashi a kwano ɗaya, a nan muka koyi ci da dama, da cin gabanka, da barin nama sai babba ya raba, da rage wa wanda bai dawo ba. Wannan nake tsoron ya ɓace. Kuma 'ya mace, da ɗa namijin ma tunda Malam ya yi magana, a ina za su koyi talge da ruɗe in ba a tuƙa tuwo a gabansu?

Hajiya Babba:
Yauwa, yanzu ka yi magana ɗana. Wannan tsoron naka ni ma ina da shi. Amma maganinsa a hannu yake. Ko daga ina abincin ya zo, a juye shi a tire ɗaya, a shimfiɗa tabarma, a kashe kallo, a yi bisimilla a ci tare. Mu ma ɗanwaken da muke sayowa a akushi ɗaya ake juyewa. Kuma kada a saba wa yaro da tambayar me kake so a sayo maka. Abin da aka kawo shi za a ci. Batun koyon girki kuwa, ai Maman Ilham ta ce tana tuwon dare. Ta riƙa zaunar da su kusa da ita, wannan ya tsince shinkafa, waccan ta kaɗa kuka. Jikata tana da shekara tara ta iya kwashe tuwo da mara, malmalarta ba ta wargajewa, kuma uwarta ma'aikaciyar banki ce.

Malam Na Tudu:
Hajiya ta yi daidai. Akwai hadisi a Abu Dawuda da sahabbai suka yi kukan suna ci ba sa ƙoshi, aka ce musu wataƙila a rarrabe kuke ci, ku haɗu a kan abincinku ku ambaci sunan Allah, za a sa muku albarka.

'Yar Jami'a:
Ina neman afuwar Hajiya, ni ƙarama ce a zauren nan. Tsarin da kika ba da labari yana da daɗin ji, amma a kan wa ya tsaya? A kan 'yan mata masu talla. Yarinya tana yawo da tire a tasha da gareji lokacin da sa'o'inta suke aji, kuma mun san irin abin da ke samun wasu a can. Kakata ta yi tallan fura tun tana ƙarama, har ta rasu ba ta iya rubuta sunanta ba, kuma abin yana yi mata ciwo. In za mu yabi abincin cikin unguwa, mu faɗi wannan ma.

Hajiya Babba:
Jikata, ba ki yi laifi ba, gaskiya kika faɗa. Ni ma na ɗauki tire. Ƙannena maza aka kai makaranta, ni sai yaƙi da jahilci na shiga da girmana. Ba na fatan jikokina su yi talla ko na yini ɗaya. Abin da nake so ya dawo shi ne sanin juna tsakanin mai dafawa da mai ci, ba tiren ba.

Anti Mai Waina:
Kuma yanzu waya ta rage wannan. Ni 'ya'yana ba sa talla. A WhatsApp ake yi mini magana, a turo kuɗi, a aiko yaro da kula ko maigida ya biyo ya ɗauka.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a Zango wannan ba abin muhawara ba ne. Da safe layi ake yi wajen mai koko da ƙosai da mai waakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dawa ta yi ja. Da yamma akwai masu tuwo. Manyan mata ne, wasu sun gaji sana'ar daga iyayensu, duk unguwa ta san su. Ba wanda zai ce matarka ta gaza don an sayo waakye. Kuma masu waakye da yawa har yanzu a ganye suke naɗe shi, wasu masu saye ma ba sa yarda da leda.

'Yar Maraɗi:
Mu ma nan haka ne, fura da rana ba a gida kowa yake dama ta ba, ga masu dambu da kwaɗon zogale a kowace unguwa. Amma ku ƙara da maganar wuta. Yawancin gidaje da itace ake girki, itacen yana tsada, dajin yana ƙarewa. Mace ta yini a cikin hayaƙi da goyo a bayanta, idanu suna ruwa, tana tari. In ana lissafin girkin gida ba a sa wannan a ciki.

Sista:
Kin kawo magana mai nauyi 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutum wajen miliyan 3 a shekara da hayaƙin girki a cikin gida, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Mai girki da itace ko gawayi ta yi a fili inda iska ke wucewa, kuma a sauke goyo a nesa da murhu. Sannan tunda Ɗan Zango ya ambaci ganye: farar robar tekawe ɗin nan jihar Legas ta hana amfani da ita tun Janairun 2024, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Ku leƙa kwatocinmu da damina ku ga abin da ke ciki. Ni dai ba na son ganin ana zuba tuwo ko miya mai tururi a leda ko farar roba. Aika kwanonka ya fi ta kowace fuska.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Na karanta wa maigida saƙonnin nan, har na Malam. Ga abin da muka tsayar. Akwai wata maƙwabciyarmu, gida uku tsakaninmu, mijinta ya rasu, tana yin abincin sayarwa. Na sha shiga gidanta, na san madafarta. Za mu yi magana da ita ta riƙa zuba wa yara na rana a kularmu ranakun makaranta, maigida kuma a kai masa nasa kasuwa. Odar tekawe sai dai jefi-jefi. Dare da Asabar da Lahadi girkina ne, kuma ya ce cefane da kai markaɗe ya ɗauke mini. Hajiyarmu kuwa zan je har gida in yi mata bayani, in roƙe ta ta zo ta koya wa Ilham miyar kuka irin tata, don ni kaina ban kai ta ba.

Baban Walid:
Allah ya sa albarka. Ni dai a gidana muna nan a kan girki sau uku tunda Maman Walid tana gida kuma ita ta zaɓi haka. Amma maganar tire ɗaya zan kai wa ƙanina yau.

Anti Mai Waina:
Maman Ilham, tunda za ki yi da maƙwabciya, ki ji ta bakin mai sana'a. Ki riƙa biyanta mako-mako, kuma a farkon mako, don da kuɗin take cefane, bashi shi ke karya mu. Ku yi magana tun farko a kan abin da za a yi in kaya sun tashi, kada ta ji kunyar faɗa miki ta koma rage muku abinci. Ki gaya mata ƙarfe nawa yara ke dawowa don ta zuba musu daga wuta. In kina son a rage gishiri ko mai ki faɗa mata kai tsaye, ba za ta ji haushi ba. Kula biyu za ki saya, ɗaya tana wajenta ɗaya tana wajenki, kuma ki mayar mata a wanke.

Gwauron Mararaba:
Anti, in da mai irin wannan tsarin a wajen Mararaba ko Masaka a cikin zauren nan, don Allah ta yi mini magana ta gefe. Tuwo da miyar kuka nake nema, ko sau uku a mako ne.